Ondansetron ko Maxolon: wanne ya dace da aman kemo?

Hajiya, Allah Ya ba Mama lafiya. Kin ce likita ya rubuta mata ondansetron don hana amai saboda kemo, wato ruwan maganin sankarar mama da ake ɗaura mata, kuɗinsa ya yi miki yawa, mai kemis kuma ya ce ki ɗauki Maxolon tunda aikinsu ɗaya. Gaskiya ba ɗaya ba ne.

Idan ruwan kemo ya shiga jiki yakan taɓa hanji, hanjin ya saki sinadarin serotonin, shi kuma ya kai wa ƙwaƙwalwa saƙon amai. Wannan hanyar ondansetron yake toshewa, shi ya sa ƙarfinsa ya fi fitowa a awa 24 na farko. Ana ba da shi kafin a ɗaura ruwan, ba sai zuciya ta fara tashi ba, yawanci tare da wani magani mai suna dexamethasone. In jan ruwan nan doxorubicin ake sa wa Mama haɗe da cyclophosphamide, suna cikin masu tsananin sa amai, har akan ƙara wani maganin hana amai, olanzapine ko aprepitant. Illar ondansetron ita ce ciwon kai da taurin bayan gida, sannan yana iya taɓa bugun zuciya, don haka mai ciwon zuciya ya faɗa wa likita tun farko.

Maxolon, wato metoclopramide, sinadarin dopamine yake tarewa, yana kuma sa ciki ya tura abinci ƙasa da wuri. Yana da araha, yana da amfani a tashin zuciyar da ke biyo baya kwana biyu ko uku bayan kemo, inda ondansetron kan yi rauni. Amma shi kaɗai ba zai riƙe ranar kemo mai ƙarfi ba.

Abin da ya fi damuna da shi yadda ake shansa kamar alewa. Yakan sanƙarar da wuya, muƙamuƙi ya kafe, ido ya juye sama, musamman ga yara da 'yan mata, har 'yan gida su ɗauka iska ce su tafi neman ruƙiyya, alhali allura ɗaya a asibiti ke warware shi. A 2013 hukumar magunguna ta Turai ta taƙaita shi zuwa kwana 5, kada babba ya wuce miligiram 30 a rana. Mai cutar Parkinson, mai sa karkarwar jiki, ko toshewar hanji ba ya shan sa sam.



Ni dai ba zan sauya wa uwata magani a kantin kemis ba. Zofran sunan da wani kamfani ya sa wa nasa ondansetron ne, akwai ondansetron na wasu kamfanoni mai sauƙin kuɗi, ki duba lambar NAFDAC a kwalin. In shi ma ya gagara, ki faɗa wa likitanta kai tsaye kafin ranar ruwa ta gaba, kada kunya ta hana ki.