Furotin ɗin tsohon ganye: fawa a gida ko kaiwa kwata?

Wani ɗan'uwanmu ɗalibi ya tambaya a zauren nan: idan ganye ya tsufa ya yi rawaya, a cikin kloroplas ake farfasa furotin ɗinsa, ko fitar da shi ake yi a narkar a wani wuri? Ya ce ya karanta bayani biyu masu karo da juna. Malam, duka biyun suna faruwa, sai dai kowace hanya da irin kayan da take ɗauka, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Fara da sanin dukiyar da ake magana a kai. Kloroplas, wato 'yar jakar nan kore da ke dafa wa tsiro abinci da hasken rana, ita ke riƙe da kusan kashi 75 cikin 100 na naitrojin, sinadarin da ake gina furotin da shi, da ke ganyen alkama ko shinkafa. Furotin guda ɗaya, Rubisko, wanda ke kama iskar kabon, yakan kwashe kashi 20 zuwa 30. A masara da dawa da gero bai kai kashi 10 ba, don tsarin girkinsu daban ne. Cikin jakar akwai sashe biyu: ruwan da Rubisko ke narke a ciki, da wasu faifai da aka jera ɗaya bisa ɗaya, inda koren launi, klorofil, yake manne da nasa furotin. Ka riƙe wannan rabon, a kansa amsar take.

Hanya ta farko ita ce fawa a gida. Kloroplas tana da nata wuƙaƙe, enzayim masu yanka furotin, irin su Clp da FtsH da Deg, waɗanda ta gado daga kakanninta bakteriya. Amma babban aikinsu gyara ne na yau da kullum. Akwai wani furotin mai suna D1 da haske ke lalatawa cikin sa'o'i, kullum sai sun cire shi an sa sabo, ko da ganyen ɗanye ne shar. Idan tsufa ya zo, aikin da ya fi ƙarfi a cikin gida shi ne kwance faifan nan, kuma ba a iya taɓa furotin ɗinsu sai an fara raba shi da klorofil. Wani enzayim, SGR, ke zare maganiziyam daga tsakiyar klorofil, wani kuma ya tsinka zoben da ke kewaye da shi, launin ya gushe. Abin da ya fi burge ni a nan: tsiro ba ya cin naitrojin da ke jikin klorofil ɗin. Kashe dafinsa kawai yake yi ya jibge ragowar, domin klorofil da ya kuɓuce daga mariƙinsa, in haske ya same shi, ƙona ƙwayar halittar zai yi tun ba a gama kwashe kaya ba.

Hanya ta biyu ita ce kaiwa kwata. Kwatar ita ce bakiyol, babban rumbun ruwa mai tsami da ke tsakiyar ƙwayar halitta, cike da enzayim masu narkarwa. A 2003 masu bincike a Jami'ar Tohoku ta Japan suka ga wasu ƙananan ƙunsa ɗauke da Rubisko a wajen kloroplas cikin tsofaffin ganyen alkama. Babu faifai a cikinsu, ruwan ciki ne zalla. A 2008 suka nuna cewa otofaji ke jigilarsu, wato tsarin da ƙwayar halitta ke cin wani sashe na jikinta, wanda Yoshinori Ohsumi ya samu kyautar Nobel a kansa a 2016. Hikimar a bayyane take: ana yagar kloroplas kaɗan-kaɗan, tana ramewa amma tana ci gaba da girki. Sai can gaba, ko in ta lalace ƙwarai, ake haɗiye ta ɗungurungum. Akwai kuma wasu motocin jigilar da ba ruwansu da otofaji. A 2005 aka bayyana wasu ƙananan bakiyol masu tsananin tsami da ke fitowa sai ganye ya tsufa, kamar a waken suya, a 2014 kuma aka gano a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis wani furotin, CV, mai sa kloroplas ta riƙa tsattsago ƙuraje ana kai su bakiyol, musamman lokacin fari.

To wacce ta fi? In batun yawan naitrojin da zai isa ƙwayar hatsi ne, ni ina ba hanyar waje rinjaye, don a can mafi yawan hujja kan Rubisko ta taru. An toshe otofaji a masara, sai naitrojin da ke kaiwa ga tsaba ya ragu, amfani ya faɗi. Amma ko a irin waɗannan tsirrai Rubisko bai daina narkewa ba, alamar in an rufe ƙofa ɗaya akwai wata. In kuma batun launi ne, wannan aikin gida ne. Shi ya sa ido ke iya ruɗin mutum. Koren waken fis da Mendel, masanin da ya gano ƙa'idojin gadon halitta, ya yi gwaji da shi, an gano a 2007 cewa SGR ɗinsa ne ya lalace. Tsiro mai irin wannan lahani yakan tsaya kore alhali an kwashe Rubiskonsa, girki ya mutu. Wannan daban yake da dawar da ke jinkirta tsufa na gaske, irin B35 mai asali daga Habasha, wadda ganyenta ke ci gaba da aiki ko damina ta ɗauke da wuri.

Ko ta wace hanya aka bi, ƙarshenta ana mayar da furotin zuwa ƙananan sinadarai, galibi gulutamin da asfarajin, su bi jijiyar abinci zuwa sabon ganye ko zangarniya. A alkama, rabi zuwa kashi 90 na naitrojin ƙwayar daga wannan tsohon ajiyar yake fitowa. Don haka nake jin ciwo in na ga an fige ganyen masara ko dawa don dabbobi tun ƙwaya tana madara. Ganyen da ya fara rawaya daga ƙasa yana tsakiyar sauke kayansa ne, a bar shi sai ya bushe. Amma in rawayar ta hau tun masara ba ta fitar da goyo ba, tana farawa daga tsinin ganye tana bin jijiyar tsakiya, wannan yunwar naitrojin ce ta tilasta wa tsiron cin tsofaffin ganyensa da wuri, kuma taki yake nema.