Gargaɗi: Ku Kula da Mai Tallar Na'urar Buga Sitika a Facebook

Jama'a assalamu alaikum. Da ban yi niyyar faɗar wannan ba saboda kunya, amma jiya na sake ganin tallar mutumin da sabon suna, shi ya sa na ce bari na yi magana kafin ya samu wani.

Ni mai gyaran inbata ne da kayan sola, a zauren gidanmu nake aiki. Duk mai irin sana'ar nan ya san wahalar rashin alama: wayoyi goma duk baƙaƙe, aljihun tebur cike da noti da fis, batir ɗin mutane uku iri ɗaya. Salatif da biro nake amfani da su, bayan sati biyu rubutun ya goge. Sai na ci karo da bidiyon wani yana tallar 'yar na'urar hannu mai buga sitika. Ya buga suna, ya manna a jikin waya, ya tsoma a bokitin ruwa, ya goga mata fetur, rubutu na nan daram. Na'urar da ke hannunsa Brother P-touch ce, mai maɓallan rubutu a jikinta. Kuɗin da ya sa bai kai rabin wanda na ji a kasuwa ba, wai kwantena ce ta sauka yana neman kuɗi da gaggawa. An ce araha ba ta ado, na sani, amma kwaɗayi ya rufe min ido.

Da zan tura kuɗin, sunan da ya fito a asusun na mace ne. Na tambaya, ya ce matarsa ce. Na tura. Bayan kwana huɗu ya kira, wai direba ya ce sai an ƙara kuɗin mota. Na ƙara.

Saƙo ya iso tasha a naɗe da salatif kamar layar ɗan dambe, ba halin buɗewa a gaban direba. Da na zo gida na farke, sai ga wata 'yar roba fara, ba maɓalli, ba sunan kamfani, sai an haɗa ta da waya ta Bluetooth.

A nan cutar take, kuma ita nake so ku gane, domin ni sai da aka cuce ni na koya. Na'urorin nan iri biyu ne. Irin ta bidiyon kaset ake sa mata, ana kiransa TZe, a cikinsa akwai zaren tawada, kuma rubutun yana fitowa ne a ƙarƙashin wata leda mai haske da ta rufe shi. Shi ya sa ruwa da mai ba sa taɓa shi.  Ɗaya irin kuwa ba ta da tawada ko ɗigo. Takarda ce mai magani, zafi ke mayar da ita baƙa, daidai da rasit ɗin POS. Wanda ya taɓa ajiye rasit a aljihu wata biyu ya san yadda yake komawa fari fat. To ka ɗauki wannan takardar ka manna a jikin inbata mai ɗumi, a zaure mai rufin kwano, cikin watan Afrilu. Nawa wasu sun dushe, wasu sun yi baƙi ƙirin.

Ba wai irin ta biyun haramun ba ce. Akwai masu suna irin su Niimbot da Phomemo, kuma mai sana'ar yaji ko turaren wuta da robobinta ke cikin inuwa za su yi mata aiki. Zaluncin shi ne a nuna maka wata a aiko maka wata.

Gwajin ba wuya. Ka karci sitikar da farce da ɗan ƙarfi: in layi mai duhu ya fito, takardar zafi ce. Ko ka kusanta ta da dutsen guga, nan take za ta yi baƙi. In daga nesa za ka saya, ka sa mai kayan ya kira ka ta bidiyo, ya buɗe bayan na'urar ka ga kaset, ya buga sunanka kana kallo. Nawa da na nemi haka a kan wadda ya ce zai musanya min, sai ya ce kyamararsa ta fashe.

Abin dariyar, bayan na yi ƙorafi har ya yi min tayin takarda, wai tasa kaɗai na'urar ke karɓa, na turo kuɗin naɗi biyar. Da na ƙi, ya toshe ni.

Na kai ƙara banki da rasit da hotunan hirarmu, na kuma shigar da koke a hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC. Yanzu ya canza sunan shafin da lambar waya, amma bidiyon bai canza ba: bokiti kore, hannu mai zoben azurfa, da kalmar "kwantena ta sauka". In kun gan shi, shi ne.