Dragon Age: Inquisition, wasan da rigimar gadon kujerar addini ta fi yaƙinsa armashi

Kamfanin BioWare ya fitar da wannan wasan bidiyo a watan Nuwamban 2014. Akwai dodanni da takubba jingim, amma ƙashin bayan labarin tambaya ce guda: wa zai yi magana da yawun Mahalicci bayan kujerar shugabancin addini ta zama wayam?

Ana buɗe wasan da fashewar da ta hallaka Justinia ta Biyar, shugabar cocin Chantry, tare da manyan malamanta a wurin taron sulhu tsakanin masu sihiri da dakarun Templar, sojojin cocin masu gadin masu sihirin. Mutum ɗaya ne ya tsira, shi ne wanda kake sarrafawa, da wani tabo kore yana walƙiya a tafin hannunsa. Talakawa suka ce annabiya Andraste ce ta fito da shi, ragowar malamai suka ce ɗan bidi'a ne. Cassandra, jarumar da ke hannun daman Justinia, ta dangwarar da takardar izinin marigayiyar a kan tebur ta kafa rundunar Inquisition, shi kuwa Roderick, jami'in coci, ya kafe cewa a fara zaɓen sabuwar shugaba tukuna. Kowannensu yana da hujja, kuma a nan marubutan suka ciri tuta.

Sun kuma zurfafa tarihin. A ƙasar Tevinter akwai wani cocin da ya ɓalle, shugabansa namiji ne a birnin Minrathous, mutanen kudu suna kiransa Baƙin Shugaba. Tushen saɓanin fassarar aya ɗaya ce, wadda ta ce sihiri hidimar mutum zai yi, ba mulkarsa ba. Kudu ta kulle masu sihiri a hasumiyoyi da wannan ayar, arewa ta ɗora su a kan mulki da ita. Haka nan an goge babin Shartan, abokin gwagwarmayar Andraste, daga littafin cocin bayan yaƙi da jinsin elf, wasu halittu masu kama da mutane, domin shi ɗan jinsin ne. Wanda ba ya buɗe kundin bayanan wasan, ko ba ya zama hira da Dorian, mai sihiri ɗan Tevinter, da Uwa Giselle, malamar coci, rabin wannan zai wuce shi.

Ga inda 'yan wasa ke yin tuntuɓe. Mata uku ne za su iya hawa kujerar: Cassandra mai gyara a hankali, Vivienne, mai sihiri da za ta mayar da hasumiyoyi, da Leliana, shugabar leƙen asirin rundunar, mai rushe su. Wasan yana tara wa kowacce maki a ɓoye tun daga farko. Akwai kuma makin iko, wanda yake a fili: 4 ake buƙata don zuwa Val Royeaux, birnin da hedikwatar cocin take, sai 15 don zaɓar masu sihiri ko Templar, kuma yadda ka karɓe su, a matsayin abokan ƙawance ko a ƙarƙashin tilas, yana da nauyi sosai a makin ɓoyen. 'Yantar da masu sihiri yana ɗaga Leliana. Ita ma tana da tarko: a garin Haven, idan ta ba da umarnin kashe ɗan leƙen asirin da ya ci amana ka yi shiru, zuciyarta ta bushe ke nan, kuma da jini za ta yi mulki. Dole ka tsawatar a wannan hirar. A ajiye wasa kafin a shiga tantinta.

Babban aibin shi ne ba a nuna zaɓen. Manyan malaman da ke kaɗa ƙuri'a ba ka ganin zamansu, ba kamfe, ba jayayya, sai a jawabin ƙarshe ka ji wadda ta zama Victoria, sunan da sabuwar shugaba ke ɗauka. Rigimar da aka share sa'o'i da dama ana ginawa ta cancanci fiye da haka. Yankin Hinterlands ma yana cinye lokaci da ƙananan aike-aike. Da zarar ka tara makin nan 4, ka bar shi.

Wanda zai saya ya nemi bugun da ya haɗa da ƙarin Trespasser na 2015, domin a can ne za ka ga sabuwar shugaba zaune a kujerarta, wasu masu mulki suna neman a rusa rundunar da ta kai ta wurin, wasu kuma suna son rundunar ta koma ƙarƙashinsu.