Yaron da Ya Kai Sandar Tsafi Ɗakin Gwaji: Abin da Na Gani a Duka Babi 122

Ƙanena ne ya turo mini wani littafi ta WhatsApp ana dab da hutun ƙarshen zango, ya haɗa da ɗan saƙo: "Yaya, wannan naka ne. Yaron ciki halinku ɗaya, ba ya barin magana ta wuce." Har yau ban tantance ko yabo ba ne ko shaguɓe. Ni malamin Fiziks ne a makarantar sakandare, littattafan matsafa da dodanni ba su cika ɗaukar hankalina ba, finafinan Harry Potter ɗin ma yara ne suka sa na kalla. Na buɗe ne don in samu abin ce masa, sai ga shi na kwashe mako bakwai ina bin sa a waya, galibi da daddare bayan an ɗauke wuta.

Sunansa Harry Potter and the Methods of Rationality, wato Harry Potter da hanyoyin aiki da hankali. Ba J.K. Rowling ce ta rubuta shi ba. Irin labaran nan ne da masoyan wani littafi ke aron mutanensa da duniyarsa su gina nasu a kai. Marubucin, Eliezer Yudkowsky, Ba'amurke ne mai bincike kan ƙirƙirarriyar basira, ya fara sakin sa babi-babi a shafin FanFiction.net a Fabrairun 2010, ya kammala ranar 14 ga Maris, 2015. Babi 122 ne, kalmomi sun haura 600,000. Kyauta ne, tun da mutanen cikinsa mallakar wata ne. Zallar rubutu ne, don haka bai ci mini data ba, akwai kuma wanda aka karanta da murya ga mai son saurare. Da Turanci yake, Turancin ma mai nauyi, wannan kam sai a shirya masa.

Ga babban abin da aka sauya daga tushe. A nan 'yar'uwar mahaifiyar Harry, Petunia, wani farfesan kimiyya na Jami'ar Oxford ta aura, suka riƙe yaron da ƙauna a gidan da littattafai suka cika bango. Saboda haka ranar da wasiƙar Hogwarts, makarantar matsafa, ta iso, yaro mai kusan shekara 11 ya riga ya sha karatun kimiyya har ya ƙoshi. Da Farfesa McGonagall, malama a makarantar, ta rikiɗe ta zama kyanwa a gabansa, bai yi tafi ba. Hankalinsa ne ya tashi, don abin ya take ƙa'idar da ke cewa makamashi ba ya ɓacewa, ba ya kuma fitowa daga babu. Ina sauran nauyin matar ya tafi? Ta yaya tunanin mutum zai zauna cikin ƙwaƙwalwar kyanwa? Na yi dariya ni kaɗai a tsakar gida, domin wannan ƙa'idar ce nake rubutawa a allo duk shekara ɗalibai na hamma.

Haka ya yi ta yi. A bankin matsafa ya ji cewa tsabar azurfa 17 ke daidai da tsabar zinariya ɗaya, farashin kuma ba ya motsi, alhali a kasuwar sauran mutane tazarar ta fi haka nesa ba kusa ba. Nan take ya lissafa yadda mutum zai riƙa kai wannan can, ya kawo wancan nan, har ya yi kuɗin da ba a san iyakarsa ba. Duk ɗan canjin da ke zaune a Wapa zai gane wannan kafin a gama faɗa masa. Wasan ƙwallon matsafa, Quidditch, ma bai tsira ba: wane irin wasa ne mutum ɗaya zai cafke ƙaramar ƙwallo ya kwashe maki 150, wahalar sauran 'yan wasa ta tashi a banza?

Wannan duk nishaɗi ne, kuma da a nan littafin ya tsaya da na ce wayo ne kawai, irin na mai tsintar kurakuran wani. Inda ya kama ni shi ne babi na 22, lokacin da Harry ya ja abokiyar karatunsa Hermione suka shiga gwaji na gaske. Ya zo da yaƙinin cewa kalmomin tsafin nan shirme ne, ba yadda za a yi sararin duniya ya damu da wasu 'yan kalmomi masu kama da Latin, abin da ke aiki shi ne abin da mai tsafin ya ƙudurta a ransa. Sai ya tsara yadda zai tabbatar. Ya riƙa ba ta kalmomin da ya sauya ba tare da ta sani ba, wani lokacin ya ɓoye mata abin da tsafin ke yi, wani lokacin ya faɗa mata ƙarya. Sakamako ya fito ya kwaɗa masa mari. Lafazi yana da muhimmanci har zuwa tsawon wasula. In ba ta san komai game da aikin tsafin ba, ba ya ci. In ta sani sama-sama, yana ci, amma yadda littafi ya faɗa, ba yadda aka gaya mata ba. Wato duk shirin gwaje-gwajen da ya tsara na watanni ya rushe a zama ɗaya, Hermione na yi masa dariya.

Na daɗe a kan wannan babin, na ma sake karanta shi. A ajinmu na gwaji, yara sun san amsar da ake so tun kafin su taɓa kayan aiki. In aka ce su auna saurin faɗuwar abu da lilon zare, sun san ana neman 9.8, sai su yi ta gyara lambobinsu har su kai can. Ni ma na yi haka ina ɗalibi, Allah ya yafe mana. Abin da ba mu koya musu shi ne wannan: ka faɗi zatonka a fili, ka shirya hanyar da za ta iya ƙaryata ka, in ta ƙaryata ka ka rubuta hakan da hannunka. Ban taɓa ganin labarin da ya nuna zafin wannan abu da daɗinsa kamar wannan ba, kuma da sandar tsafi ya nuna shi.

Sai kuma abin da ya yi da Draco Malfoy, yaron da aka raina a kan cewa auratayya da waɗanda ba matsafa ba ita ke raunana sihiri. Harry bai yi masa wa'azi ba. Cewa ya yi su zauna su jero duk dalilan da za su iya sa sihirin yanzu ya gaza na mutanen da, kowane dalili kuma su faɗi abin da za a gani in shi ne gaskiya. Daga nan ya kawo lissafin gado na Gregor Mendel, wanda ya gano shi da shukar wani nau'in wake (peas) ya buga a 1866. In sihiri ƙwayar gado ɗaya ce da sai an gaje ta ta uwa da ta uba, to ma'aurata biyu da kowannensu ke ɗauke da rabi za su haifi matsafa kusan ɗaya cikin huɗu. Draco da kansa ya je ya tattaro bayanan, a wurin hotunan bango masu magana, lissafi ya fito daidai da Mendel. Abin da ya burge ni shi ne marubucin bai sa Draco murna ba. Yaron ji ya yi an yi masa fashin abin da ubansa ya ba shi, ya huce a kan Harry da mugunta. Duk wanda ya taɓa gano cewa wani abu da ya taso a kai ba haka yake ba, ya san wannan ɗacin.

Ta fuskar asirai kuwa, littafin bai yi mini ha'inci ba. Alamomin suna nan a shimfiɗe tun farko, wanda ya kula zai gane inda aka dosa, ni kam da yawa sun wuce ni sai da na waiwaya. A babi na 113 marubucin ya jefa Harry cikin tsaka mai wuya, ya dakata, ya ba masu karatu awa 60 su kawo mafita da abin da aka riga aka nuna a labarin kawai, in sun kasa a ba su mummunan ƙarshe. Ni da na zo bayan shekaru, na ajiye wayar kwana biyu ina gwada nawa, ban samo ba. Da na ga amsar, ba wani sabon abu aka jefo daga sama ba. Wannan ya sa na tuna littattafanmu na aljanu da bokaye da ake turawa a zaurukan WhatsApp. Ina karanta su, wasu marubutan na da baiwa sosai. Amma sau da yawa bokan da ya gagari kowa a shafi na 10 sai ya zama lusari a shafi na 80 ba dalili, ko aljana ta ɓullo ta warware komai don marubuciya ta gaji. Ba sai an kawo Mendel ba, amma in an kafa wa abu iyaka, a tsaya a kanta.

Yanzu ga inda ya gajiyar da ni. Harry ɗin nan yana da girman kai, kuma magana yake kamar farfesa mai shekara 50. An ba da dalilin hakan can gaba, dalilin ma ya zauna, amma sai ka haɗiye babi da yawa na yaro yana yi wa manya lacca kafin ka kai. Yadda yake yi wa malamansa tsawa, a gidanmu ko da gaskiyarka ba za ka kwana lafiya ba. Wasu shafukan kuma darasi ne tsagwaronsa aka sa masa rigar hira. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gwaje-gwajen da suka ja ni sun yi ƙasa bayan kashin farko. Labarin ya koma yaƙe-yaƙen rundunonin ɗalibai uku da Farfesa Quirrell ya kafa, da makirce-makircen siyasa. Suna da daɗi, Quirrell ma shi ne mutumin da aka fi ƙwarewa wajen zana shi a littafin duka, amma tambayar da aka buɗe da ita, mene ne sihirin nan kuma daga ina yake, ba a rufe ta ba. A tsakiyar nan Harry ya fi cin nasara da kaifin basira fiye da haƙurin gwaji, kuma waɗannan abubuwa biyu ba ɗaya ba ne.

Akwai maganar mutuwa, wadda dole in faɗa wa mai karatu Musulmi ko Kirista. Harry bai yarda da rai bayan mutuwa ba, yana ganin mutuwa cuta ce da ɗan Adam zai kawar wata rana, har ya yi doguwar jayayya da Dumbledore, shugaban makarantar, a kai. Ra'ayin marubucin ne, bai ɓoye ba. Ban bi shi ba ko taku ɗaya a nan, kuma na lura an ba Dumbledore hujjoji marasa ƙarfi don yaron ya samu saukin kayar da shi, abin da littafin kansa ke hani da shi a wasu wurare. Ba kuma na yara ba ne. Tun a babi na 7 akwai wata mummunar magana a bakin Draco, can gaba akwai kisa da jini. Ɗiyata mai shekara 12 ta nema, na ce ta bari tukuna.

Wanda bai san ainihin labarin ba, ko ta fim ne, rabin barkwancin zai wuce shi. Marubucin da kansa ya ce in ka kai babi na 10 bai yi maka ba, ka haƙura. Ni zan ce a daure a kai na 23.

Abu ɗaya na ɗauko na kai aji. A jirgin ƙasa Harry ya yi wa Hermione wani wasa da masanin halayyar ɗan Adam Peter Wason ya fito da shi a 1960. Da aka koma makaranta na rubuta 2, 4, 6 a allo, na ce wa 'yan aji biyu akwai ƙa'idar da lambobin nan suka bi, su kawo nasu guda uku-uku, ni kuma in ce "e" ko "a'a". Aka ce 8, 10, 12, na ce e. Aka ce 20, 22, 24, na ce e. Aka ce 101, 103, 105, na ce e. Ajin ya kaure, kowa na cewa ƙara biyu ake yi, Malam mun gane. Na ce ba ita ba ce. Aka yi tsit. Can baya wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, 6, 4, 2 fa?" Na ce a'a. Ta ɗan yi shiru, ta ce, "To 1, 2, 50?" Na ce e. Na ga ta sunkuya tana rubutu, sauran suka juya suna kallon ta, aka kaɗa ƙararrawa.