Shagon gyara na Terminus: sun iya aiki, amma ba sa tambaya

Laftof ce mai Windows 10 aka ɗaga ta zuwa 11, tunda an daina tallafa wa 10 ɗin ranar 14 ga Oktoba 2025. Daga nan intanet ya koma tafiyar hawainiya. Rauta (na'urar raba Wi-Fi) ɗaya, ɗaki ɗaya, waya na kallon bidiyo sumul, laftof kuwa shafi guda sai ta yi ta juyi. Wannan kaɗai ya wanke kamfanin layi. Ciwon yana cikin kwamfutar, shi ya sa na kai ta wani shago a Terminus, nan Jos.

Yaron shago bai ko kunna ta ba ya ce sai an goge komai an sake lodi. Allah Ya sa ogansa na kusa. "Malam, bari mu duba tukuna," in ji shi, kuma a nan ne ya burge ni. Task Manager ya fara buɗewa don ya ga ko wani abu ne ke zuƙe data a ɓoye, ya kashe Delivery Optimization, wanda ke iya aika sabuntawa zuwa wasu kwamfutoci da datarka. Sauƙin kaɗan ne. Sai ya duba saurin da katin Wi-Fi ke magana da rauta: 72 Mbps, a kan zangon 2.4GHz, alhali katin na ɗaukar zangon 5GHz da ya fi sauri. Lodin Windows 11 ɗin ya maye direban katin, wato manhajar da ke sarrafa shi, da wani na gama-gari. A Device Manager, inda ake sarrafa kayan cikin kwamfuta, maɓallin komawa tsohon direba ya dushe, ba ya dannuwa, don haka ya sauke direban daga shafin kamfanin laftof ɗin da lambar samfurinta, ya zaɓi 5GHz a Preferred Band, ya cire alamar da ke barin kwamfuta ta kashe katin don tattalin batir. Ya rufe da umarni biyu na tsabtace saitin intanet, netsh winsock reset da ipconfig /flushdns, ya sake kunnawa. Saurin ya tashi zuwa 433 Mbps. Aiki ne na wanda ya san abin da yake yi, ba lalube ba.

Da a nan aka tsaya, da na ce kowa ya garzaya. To amma wai don a ƙara mata sauri, suka goge jakar Windows.old ba tare da an ce min uffan ba. Duk mai wannan sana'a ya san kwana 10 ake bayarwa na komawa tsohon tsari, kuma da wannan jakar ake komawa. Kwana 6 kacal aka yi da ɗaga ta zuwa 11. Tsohuwar firintar ofis yanzu ta ƙi sabon tsarin, ƙofar komawa kuma an toshe. Me ya haɗa jakar nan da saurin intanet? Wuri kawai take ci a diski.

Ashe sun ma danna Network reset bayan an riga an warke, duk kalmomin sirrin Wi-Fi da na adana suka tafi, har da alamar Metered connection, mai taƙaita cin data, da na sa wa hotspot ɗin wayata. Sai da data ta ƙare da yamma na gane. In za ka je, ka nemi ogan da kansa, ka zauna kusa da shi, ka ce kada a goge komai sai ka gani.