Takin feshi mai sinadaran ƙarfe a gonar rake: ya gyara ganye, amma zaƙi da sauran magana

Takin da nake magana a kai na ruwa ne, irin wanda ake fesa wa ganye. An haɗa zinki da manganis da ƙarfe da tagulla da molibdenom da ɗan boron a gora ɗaya, kuma alkawarin da ke jikin gorar biyu ne: rake zai ƙara girma, zai kuma ƙara zaƙi. Na gwada shi a kan raken da ya sake toho bayan sara, na bar wani ɓangare ban fesa ba don in sami abin kwatantawa. A ganina alkawari na farko ya cika, na biyun kuwa an zuzuta shi.

Abin da ya sa na saya shi ne sabbin ganyen da ke fitowa fari-fari, da zane-zanen rawaya tsakanin jijiyoyi, alhali tsofaffin ganyen kore shar. Gwajin ƙasa ya nuna pH ɗinta, wato ma'aunin tsamin ƙasa, ya haura 7.5, ma'ana ba ta da tsami, ta karkata ga kanwa-kanwa. A irin wannan ƙasa ƙarfe da zinki da manganis suna nan, amma a ɗaure suke, saiwa ba ta iya ɗauka. Shi ya sa feshi ya fi zubawa a gindi amfani. Ba a daɗe ba ganyen da ya biyo bayan feshin ya fito kore, gaɓoɓin raken kuma suka fi na ɓangaren da na bari tsawo. A nan kam takin ya yi abin yabo.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Waɗannan sinadarai kaɗan shuka ke buƙata, amma inzayim da yawa, wato sinadaran da ke tafiyar da ayyuka a jikin shuka, ba sa aiki sai da su. Manganis ne ke zaune a inda ganye ke fasa ruwa da hasken rana, ƙwayoyinsa 4 a kowace cibiya. Zinki yana cikin inzayim ɗin kabonik anhaidires, wanda ke shirya iskar kabon don rake ya kama ta, yana kuma da hannu wajen samar da sinadarin da ke miƙar da gaɓa, shi ya sa raken da ya rasa zinki yake tsumburewa. Idan babu ƙarfe koren ganye ba ya samuwa. Tagulla in ta yi ƙaranci sai kan raken ya lanƙwashe ya yi yaushi. Molibdenom kuwa shi ke sa shuka ta iya sarrafa naitiret, wato nau'in naitirojin ɗin da ta sha daga taki. Duk wanda ya ɓace cikinsu, sukarin da ganye ke haɗawa zai ragu tun daga tushe.

Matsalar ita ce haɗa sukari daban, tara shi a kara daban. Sukuros ɗin da ganye ya aiko, wato ainihin sukarin rake, akwai inzayim mai suna imbates da ke farfasa shi zuwa gulukos da furuktos don rake ya yi girma da su. A gaɓoɓin sama masu danyantaka aikinsa yana da ƙarfi, shi ya sa kan rake yake salam. Sai girma ya lafa, aikin imbates ya yi sanyi, sannan sukuros ya taru. Abin da ke jawo wannan lafawa shi ne shekarun raken, da sanyi, da rage ban ruwa gab da sara, da ƙarewar naitirojin a ƙasa. Babu ɗaya daga cikinsu da ke cikin gorar. Har ma ina ganin wanda ya ci gaba da feshi har kusa da sara yana iya sa raken ya ci gaba da girma maimakon nuna.

Na auna ruwan raken da 'yar na'urar nan ta hannu mai nuna ma'aunin Brix, wato kimanin yawan sukarin da ke cikin ruwan. Raken da ya nuna sosai yakan kai wajen 18 zuwa 22, kuma ana gane ya nuna idan awon saman kara ya kusa daidai da na gindi. Tsakanin ɓangarorin biyu bambancin zaƙi ƙanƙane ne. Inda na ga riba shi ne nauyi da yawan kara, wato sukarin gonar gaba ɗaya ya ƙaru ne don raken ya yi yawa. Riba ce ta gaske, sai dai ba ita aka tallata ba, kuma manomin da ake biya bisa yawan sukarin da ke cikin kara ya kamata a gaya masa gaskiya.

Wani abin da bai kwanta mini ba shi ne cuɗa komai a gora ɗaya. Gonata ƙarfe da zinki take nema, amma dole na fesa mata tagulla. Tagulla kuwa tana taruwa a ƙasa, in ta yi yawa tana hana saiwa girma. A ƙasa mai tsami ma manganis kan yi yawa da kansa har ya hana ƙarfe aiki, to mai irin wannan gona ƙara masa manganis cutarwa ce. Takardar umarnin ba ta ce komai a kan wannan ba, ba ta kuma faɗi cewa yawan takin fosfet yana danne zinki ba.

Wajen aiki ba shi da wahala. Yana narkewa tas, bai toshe mini bakin injin feshi ba, kuma da yamma ko da sassafe nake fesawa don kada rana ta sa ya ƙona ganye.

Zan sake amfani da sinadaran, amma ɗai-ɗai zan saya, bayan na kai ganye ɗakin gwaji. Ganyen da aka saba ɗauka shi ne na sama wanda wuyansa, wato mahaɗarsa da kuben da ya rungumi kara, ya fito fili, daga raken da ke tsakiyar girma, a wurare daban-daban na gonar.