Tenshina mai sifirin da mai noti: wanne ake turawa, wanne ake kwancewa?

Assalamu alaikum. Wani ɗan'uwa a cikinmu ya kawo tambaya a kan a-kori-kurarsa. Yana son cire altaneta domin ta daina caji, ya sa sifana a notin da ke tsakiyar fulin tenshina, wato ƙaramar tayar nan da ke ɗame bel, ya juya, notin ya fara kwancewa, amma bel na nan tamau kamar ba a taɓa komai ba. Ya ce shin ya ci gaba da kwancewa ne, ko akwai wani notin da bai gani ba?

Malam, dakata tukuna, kada ka ƙara juya shi ko da rabin zagaye. Abin da ka gani yana da fassara biyu, kuma sun yi hannun riga da juna. In tenshinarka mai noti ce, wadda wasu ke ce wa ajasta, to ka yi daidai, matakin farko ka taka, saura na biyu. In kuma mai sifirin ce, ka kama hanyar ɓarna, domin ita ba a kwance ta, tura ta ake yi. Ka ci gaba da kwance wannan notin alhali sifirin na danne da bel, fulin zai karkace ya cinye zaren notin, ko ya fizge ya same ka a hannu.

Rabe su ba wuya. Haska tocila ka bi bayan fulin da ido. Mai sifirin tana da hannu gajere na alminiyam, fulin na a ƙarshensa, gindinsa kuma na cikin wani zagayayyen gida mai kama da gwangwani, a ciki sifirin yake a naɗe. A jikin hannun sau da yawa za ka ga rami mai kusurwa huɗu, na 3/8 ko rabin inci, daidai bakin hannun soket, ko wani kan noti da aka zuba shi tare da ƙarfen, wanda ba ya kwancewa ko kusa. Mai noti kuwa ba ta da gwangwani. Fulinta na zaune a kan ƙarfe mai doguwar tsaga, kuma akwai wani dogon noti, daga sama ko daga gefe, wanda ke jan fulin ko ya sake shi. Ka ga dogon notin nan, ka ga amsarka.

Kafin ka ɗora hannu a kan ko wacce, abu biyu. Cire kan batir na nagetif. Kakkaurar wayar da ke bayan altaneta kai tsaye take da batir, akwai wuta a kanta ko da makulli na aljihunka, kuma sifana ta haɗa ta da jikin inji sai tartsatsi, wani lokaci har ƙarfen ya narke. In motar dizal ce mai batir biyu, ka cire na dukkansu, don cire ɗaya kawai ba lallai ne ya kashe wutar ba. Na biyu, ɗauki hoton yadda bel ya bi. Wasu motocin suna da zanen a manne a ƙarƙashin bonet, amma a tsohuwar mota yawanci ya goge. Kowa na cewa zai tuna. Bel mai bin fuli shida ko bakwai, da zarar ya zube ƙasa ya zama igiya kawai, sai ka tsaya kana kallonsa yana kallonka.

To, mai sifirin. Sa soket ko kan sandar ja, wato hannun soket, ya zauna har ƙarshe, ba a gefen baki ba. Sannan ka ja a hankali ta ɓangaren da zai ɗage fulin daga kan bel. Kada ka haddace cewa dama ne ko hagu, domin ya danganta da injin. Alal misali, a injinan V8 masu lita 5.3 na Chevrolet Silverado da GMC Sierra na farkon shekarun 2000, soket mai lamba 15 ake sa wa a notin fulin, a juya yadda hannun agogo ke tafiya. A wata motar akasin haka ne. Idonka ne alƙali: dubi inda fulin yake danna bel, ka kai shi ɗaya ɓangaren. In ka dace, za ka ji nauyi mai laushi yana ƙaruwa, hannun tenshinar gaba ɗaya yana tafiya da kai, bel yana sassautawa. In ka ji tauri sannan abu ya yi ƙas ya saki, fuli bai motsa ba, to noti ka kwance. Ina kyautata zaton abin da ya same ka ke nan. Kuma ka sani, a wasu tenshinonin notin fulin zarensa na hagu ne, an yi shi haka da gangan don jan da ake yi wajen sakin bel ya zama ɗaure shi yake yi. Saboda haka wajen mayar da naka, bi shi a hankali ka ji ta inda yake kamawa.

Da bel ya yi sako-sako, riƙe sandar da hannu ɗaya, ka zame bel da ɗayan. Daga ina? Daga fuli mai sulɓi, marar layuka, domin ba shi da leɓen da zai tare bel. In babu shi kusa, fulin altaneta da ke sama ya wadatar. Tura shi da tafin hannu ko bayan sifana. Yatsa kada ya shiga tsakanin bel da fuli. Na taɓa yin wannan gangancin, soket ɗin ya zauna rabi, ya kuɓuce, bel ya koma da ƙarfinsa ya matse min ɗan yatsa, farcen sai da ya yi baƙi ya fita. Sannan in bel ya fita, kada ka saki sandar haka nan. Rako ta a hankali har hannun ya tsaya da kansa, don yanzu da babu bel zai wuce inda ya saba tsayawa, kuma in ya daki madogararsa da ƙarfi alminiyam ɗin na iya tsagewa. Ka kuma lura kafin ka fara ja cewa sandar tana da filin komawa, in ba haka ba za ta maƙale a jikin lagireto ko murfin fanka ka kasa zare ta. Wasu tenshinonin suna da ƙananan ramuka biyu da ke haɗuwa idan an ja hannun, sai a zura siririn ƙarfe ya riƙe ta a sake. In taka na da shi ka huta.

Maganar abin ja kuwa, a nan mutane suka fi wahalar da kansu. Racet, wato hannun soket mai ƙas-ƙas, na aiki, amma hannunta gajere ne, kanta kuma kauri gare shi, sai ka tarar tsakanin inji da fanka ba ta shiga. Dogon hannun soket marar racet ya fi ta ƙarfi da tabbas, ni shi nake ɗauka in akwai fili, kuma a babbar mota galibi akwai. Akwai kuma faffaɗar sanda siririya da aka ƙera musamman don wannan aikin, tana zuwa da gajerun soket, ita ce maganin wuri mai ƙunci. Dabarar haɗa sifana biyu baki da baki don a ƙara tsawo, na san ana yi, ni ma na yi, amma ita ce ta fi kuɓucewa. In notin ya fara cinyewa a kusurwa, nemi soket mai kusurwa shida, ka bar mai goma sha biyu.

Ita mai noti ba ta da haɗarin fizga, sai dai tana da tsari. A fara sassauta notin tsakiyar fulin, zagaye ɗaya ko biyu, ba a cire shi ba. Sannan a juya dogon notin, bel zai riƙa sakin jiki kaɗan-kaɗan. Wanda ya fara da dogon noti bai saki na tsakiya ba, ko dai ya lanƙwasa shi ko ya karya shi, musamman in ya yi tsatsa. A tsofaffin motoci da yawa babu ma fulin tenshina, altanetar ce da kanta take ɗame bel: noti ɗaya a ƙasa da take juyawa a kansa, ɗaya a sama a cikin tsaga. Ka sassauta su biyun, ka tura ta wajen inji. Masu tsohuwar Hilux mai dizal, irin injin 3L da 5L, ku ƙara da wannan: a bayan altanetarku akwai famfon da ke zuƙe iska don birki, da bututun baƙin mai a jikinsa. Ku cire su cikin natsuwa, ku kuma tabbatar sun koma, in ba haka ba birki zai yi tauri kamar dutse.

Wajen mayarwa ne bambancin ya fi fitowa. Mai sifirin ita ke auna wa kanta ƙarfi. Naka shi ne ka bi da bel daidai: gefen layuka a kan fuli masu layuka, bayansa mai sulɓi a kan fuli masu sulɓi. Fara daga babban fulin karanshaf a ƙasa, ka bar mai sulɓi na sama ya zama na ƙarshe. Kafin ka tada inji, shafa kowane fuli da hannu ka ji ko bel ya zauna a tsakiya. Ya haura layi ɗaya kacal, cikin 'yan mintoci gefensa zai fara zarewa. Kuma bel na iya shiga ta hanyar da ba tasa ba ya yi kamar daidai, alhali famfon ruwa baya yake juyawa, sai dai ka ga inji ya ɗau zafi.

Mai noti kuwa duk a hannunka take. Ka bar shi sako-sako, bel ya riƙa kuka da safe, caji ya ragu. Ka ɗame shi fiye da kima, boris ɗin sabuwar altanetar da na famfon ruwa su ne za su biya. Abin da aka saba yi in babu ma'auni, a danna tsakiyar wuri mafi tsawo da babban yatsa da ƙarfi, ya lotsa kamar santimita ɗaya, amma adadin da ke littafin motar shi ne gaba. Sabon bel yana ɗan miƙewa, don haka a sake duba shi bayan ya yi aiki. A ganina mai sifirin ta fi alheri ga inji, domin tana bin bel yayin da yake tsufa, tana kuma shanye girgiza. Aibinta ɗaya: tana mutuwa a ɓoye. Mai noti ba ta da abin lalacewa in ban da boris da tsatsa.

Saboda haka, tun da bel na ƙasa, kada ka wuce ba ka gwada ta ba. Ja hannun ka rako shi sau biyu ko uku. Ya kamata ya tafi sumul. In yana cijewa, ko yana karkata gefe, ko ka ga jan ƙurar tsatsa na fita daga gwangwanin, ta gama aiki, kuma ba a gyara ta, gaba ɗaya ake sauyawa. Juya fulin da yatsa. In ya yi gurnani, ko ya yi ta gudu yana shuuu kamar ba giris, boris ya bushe. Sau da yawa kukan da ake ɗora wa altaneta daga nan yake fitowa. Juya fulin altanetar ita ma. A sababbin motoci wasu fulin suna kamawa ta gefe ɗaya su saki ta ɗayan, haka aka yi su, ba lalacewa ba ne. In irin wannan ya daskare ta gefen biyu, shi ke sa tenshina rawa.

Shi ma bel ɗin kada rashin tsagewa ya ruɗe ka. Na yanzu da robar EPDM ake yinsu, ba su cika tsattsagewa kamar na da ba, cinyewa suke yi, ramukan tsakanin layuka su faɗaɗa har bel ya riƙa santsi. Lambar da ke bayansa ita za ka bi. In ka ga 6PK2260, layuka shida ke nan, tsawo milimita 2260. In kuwa ka ga wani ƙaramin bel, galibi na AC, da ba shi da tenshina ko kaɗan, mai talewa ne, da ɗan ƙarfe na musamman ake hawar da shi, kada ka ɓata lokaci kana neman notinsa.

In komai ya koma, mayar da kan batir, ka tada inji, ka sa mita a batir. Mota mai bolt 12 ta nuna tsakanin 13.5 da 14.7, mai 24 kuma wajen 28. Amma kafin duk wannan, Malam, koma ka haska bayan fulin nan. In ka ga gwangwani, ɗaure notin da ka kwance sosai tukuna, sannan ka nemi ramin mai kusurwa huɗu. In dogon noti ka gani, bar na tsakiyar yadda yake, ka sa sifana a dogon.